Hular Kakana Ba Ta Ƙarya

A unguwarmu ta Haɗeja, ko ba ka leƙa masallaci ba ka san kakana ya je salla. Wurinsa yana bayan liman daidai, a sahun farko, inda makirfo yake ɗauko murya biyu, ta liman da tasa. Da an kai ƙarshen Fatiha sai ka ji wani "Amin" mai kauri ya fito ta lasifika, ya ja shi kamar mai kiran saniyar da ta yi nisa. Na tashi na tarar da wannan Amin ɗin, na yi aure yana nan. Kakata, wadda duk gidan muke ce wa Inna, takan ce da shi take gane ko tsohon yana fushi ko ya huce.

Ni ne jikansa na fari, saboda haka ni kaɗai nake da lasisin faɗa masa baƙar magana. Yana ce mini ɓarawon mata, wai tun ina goye nake lallaɓar Inna don in ƙwace masa ita. Ni kuma ina ce masa Tsoho, in ƙara da cewa ya yi haƙuri ya sake ta, zamaninsa ya wuce. Babana kuwa ɗan farinsa ne, kuma mu Fulani ne, ko da yake rabonmu da ruga tun kafin a haife ni. Su biyun ko ido ba sa haɗawa. Idan Babana yana da magana da mahaifinsa, bango yake faɗa wa, Tsoho ya amsa wa ƙofa.

A gefen sahu ta hannun dama akwai kujerun roba huɗu ko biyar, na dattawan da ƙafa ta hana ruku'u da sujada. Tsoho ne ya raɗa musu suna majalisar dattawa. In an idar da salla zai bi ta gabansu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sanatoci, an wuni lafiya? Yaushe za a zuba mana kwalta a layin nan?" Liman ya sha gaya masa cewa shari'a ce ta ba su dama. Sai ya ce ya sani, shi ma gaisuwa kawai yake yi.

Wanda ya fi shan wuya a bakinsa shi ne amininsa, wani Babarbare mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, muna ce masa Baba mai banda. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne. Su biyun sun tsufa suna wannan shari'ar ba a yanke hukunci ba. Baba mai banda yana da wani ciwo mai zuwa da tafiya. Sai ya wayi gari babban ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi ja, ko gefen zani ya taɓa shi sai ya kurma ihu. Kwana bakwai ko goma yana majalisa, sannan ciwon ya tafi kamar ba a yi ba. Kuma shi ba ya ɓoyewa. Daga ƙofar masallaci kake jin "Wayyo ƙafata!" Tsoho ya kaɗa kai ya ce, "Dubi wannan. Ɗan yatsa guda ya kayar da Barno gaba ɗaya."

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na fara lura ne a fadama, wata damina da muke duba shinkafa ta wajen hanyar Auyo. Tsoho ya zo hawa kunyar gona, ƙafarsa ta dama ta ƙi, ya tsaya yana kallon tsuntsaye kamar ranar ya fara ganinsu. Sai na ga ya kai hannu ya tura hularsa baya, ya dawo da ita gaba. Na ce, "Tsoho, lafiya?" Ya ce, "Babu komai." Daga ranar na riƙa sa ido. In zai tashi daga tabarma, hula ta motsa. In zai sauka daga babur, hula ta motsa. A masallaci ina sahu na uku, ina jin gwiwarsa tana ƙas-ƙas in ya tafi sujada, kamar an taka busasshen kara. Da an sallame, hannu ya tafi hula.

Abin da ya kamata mutum ya sani game da kakana shi ne, bai taɓa cewa wani abu yana masa zafi ba. A wurinsa Bafulatani ba ya faɗin yunwa, ba ya faɗin ciwo. Inna ta ce wani bijimin sa ya taɓa take masa wannan gwiwar yana saurayi, ya ƙarasa kora shanun har gida, ya ci tuwo, sannan ya suma. Da ya farfaɗo ya ce barci ne ya ɗauke shi.

Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukunci: sanyi ne. A garinmu duk abin da ya kama gaɓa sanyi ne. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana dashen shinkafa cikin ruwa har cinya, ai kogi ya shige shi. Aka kawo wanzami ya yi masa ƙaho, bisa sharaɗin a ce don rage mataccen jini ne kawai. Wata gwaggo ta aiko da kitsen mesa a kwalba. Baba mai banda ya kawo nasa taimakon, wani haɗin ƙwayoyi kala-kala da ake ƙullawa a leda a kemis, ya miƙa ya ce, "Ungo, bawana, kada ka mutu ka bar ni da asara." Tsoho ya ce zai ba akuya. Bayan sati biyu na ga ledojin babu komai a ƙarƙashin filo, shi kuma yana dafe ciki bayan cin abinci, hula tana ta aiki.

Sai ya fara fashin jam'i. Yau ya ce akwai taɓo a layi. Gobe ya ce liman yana sauri. Jibi ya ce liman yana jan karatu. Masallacin nan fa yana kallon ƙofar gidanmu, tako talatin bai kai ba.

Babana ne ya fara kai shi asibiti, kuma a nan aka tafka kuskuren da sai irinmu. Ya raka shi har ƙofar likita, ya tsaya a waje. Ina ɗan fari zai shiga ya tsaya ana kware wa mahaifinsa wando? Tsoho ya shiga shi kaɗai. Daga baya na ji yadda aka yi daga bakin likitan. Ya tambaye shi me ke damunsa, ya ce babu komai, yara ne suka matsa. Ya danna gwiwar ya ce, "Da zafi?" Ya ce babu. Ya lanƙwasa ta, ya ce babu. Ya tambayi likitan ina iyali, ina gajiya. Ga layi a waje har bakin baranda. Likita ya rubuta masa farasitamol ya sallame shi.

Tsoho ya dawo gida yana taƙama. "Likita da kansa ya ce lafiyata ƙalau." Babana ya faɗa wa bango cewa alhamdu lillahi. Inna ta kalle ni, ta ce, "Kai, maigidan gaskiya, tashi ka mayar da shi. Wannan tsohon zai kashe kansa da babu komai."

Inna ta san abin da take faɗa, don ita ma tana da nata. Nata a hannu yake, yatsun dama da na hagu a tare, da wuyan hannu. Kafin a gano shi, in ta tashi da safe yatsun a sandare suke har hantsi, ko ludayi ba ta iya riƙewa balle ta dama fura. Ga gajiya, ga zazzaɓi sama-sama. Shi ma sanyi aka ce, har aka hana ta taɓa randa. Sai da aka gwada jininta aka ce garkuwar jikinta ce ta rikice take yaƙar gaɓoɓinta. Aka ɗora ta kan wata ƙwaya ta sati-sati, tana komawa gwajin jini a kai a kai. Yatsu biyu sun riga sun karkace, amma sauran sun tsira. Takan ce da ta yi irin taurin kan mijinta, da yanzu da ƙafa take cin tuwo.

Na yi wa Tsoho dabara. Na ce likita ya aiko, wai akwai takardar shaidar lafiya da ya manta bai ba shi ba. Ya sa babbar riga, ya kafa hula, muka shiga adaidaita sahu.

Wannan karon na bi shi har ciki. Ya harare ni, na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Tsoho." Na matsa kusa da likita na rage murya na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka saurari bakinsa. Ka kalli hularsa." Likitan saurayi ne mai fara'a, ya dube ni kamar ni ne mara lafiyar, amma ya gwada. Ya danna gefen gwiwa ta ciki.

"Baba, da zafi?"

"Babu komai."

Hula ta koma baya, ta dawo.

Ya danna gwiwar hagu. "Babu komai." Hula tana nan. Ya koma ta dama ya lanƙwasa, ta yi ƙas-ƙas, hula ta kusa faɗuwa. Likita ya juya baya yana neman wani abu a durowa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo, sai ya ci gaba da yi wa Tsoho tambaya yana karɓar amsa daga wurina. In ya tashi da safe ƙafar takan sandare? Na ce takan yi, amma kafin ruwan shayi ya tafasa ta saki. Tafiya tana ƙara ciwon ko tana rage shi? Na ce in ya je fadama ya dawo, ranar hula ba ta hutawa. Yatsu fa? Zazzaɓi? Na ce babu. Wane magani yake sha? Na fito da ledar kemis guda mai sauran ƙwayoyi da na ɗauko a ƙarƙashin filo. Tsoho ya ce, "Dama na ce ɓarawo ne."

A kan ledar nan fara'ar likita ta ɗauke. Ya ce irin wannan haɗin yana kwantar da ciwo, amma yana cin ciki ya yi gyambo, yana taɓa ƙoda, musamman ga tsoho. Ya ce a daina daga yau.

Aka tura mu hoton ƙashi da gwajin jini. Gwiwar ta tara ruwa, likita ya sa sirinji ya zuƙo wani ruwa rawaya-rawaya. Nan Tsoho ya miƙe zaune, fuskarsa ta washe. "Ka gani? Ruwan kogi! Tun shekarar babbar ambaliya yake ciki." Likita ya buɗe baki zai yi gyara, na girgiza masa kai. Mutum ya sha matsa tun safe, a bar shi ya ci wannan ɗayar.

Da sakamako ya fito, likita ya ɗaga hoton a taga ya nuna mana. A gwiwar hagu akwai 'yar tazara tsakanin ƙashin sama da na ƙasa. A ta dama ta kusa rufewa. Ya ce guringuntsin da ke tsakani ne ya zaizaye, ƙashi ya fara gogar ƙashi: ga shekaru, ga ɗaukar buhuna, ga tsohon raunin da sa ya bari. Jinin kuma bai nuna irin na Inna ba. Na tambaye shi na Baba mai banda, na kwatanta masa. Ya ce wannan ya yi kama da wani ciwon gaɓa na daban, wanda wani sinadari yake yawa a jini ya taru a gaɓa kamar ƙananan allurai. Kayan ciki da yawan jan nama da lemon kwalba suna tayar da shi, kuma akwai ƙwayar kullum mai hana shi dawowa. Ya ce a turo shi a gwada. Mutum uku, ciwo uku, unguwa ta haɗa su ta ce sanyi.

Na Tsoho ba ya warkewa, in ji likita, amma ana zama da shi lafiya. Ya rubuta man shafawa da magani mai sauƙi ga ciki. Ya ce in ya tsananta akwai allurar da ake yi a cikin gwiwar. Ya koya masa motsa jiki: ya kwanta ya miƙe ƙafa ya ɗaga, ya riƙe, ya sauke, don naman cinya ya yi ƙarfi ya taya gwiwa ɗaukar kaya. Ya yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri kullum. Ya riƙe sanda a hannun hagu. In duk an yi abin ya ƙi, a manyan asibitoci ana cire gwiwar a sa ta ƙarfe.

"In koma wa Ubangijina da kayan da ba nasa ba?" in ji Tsoho. "A bar wannan."

"To, na ƙarshe, Baba. A rage tsuguno da durƙuso. Salla kuma a riƙa yi a kan kujera."

Ni kuwa shaiɗan ya zuga ni, na ce, "Allah ya ja zamanin sanata." Bai yi dariya ba, bai kuma rama ba. Tun da nake bai taɓa ƙyale mini magana ta wuce ba sai ranar, kuma na yi da-na-sani tun kafin mu fita.

Komai ya karɓa. Sanda dama ba baƙuwar Bafulatani ba ce, ya riƙe ta yana yanga. Motsa jikin ma yana yi, a ɓoye. Na taɓa kama shi kwance ƙafa a sama, ya ce ƙuda yake kora. Bayan wata guda yana zaga unguwa hula ba ta motsi sai jefi-jefi. Amma masallaci ya ƙi. Da an kira salla sai ya shige ɗaki ya tura ƙofa, ya yi ta a bakin gado. Ina wucewa in hango shi ta labule bayan ya sallame, yana zaune shiru yana sauraron jam'in da ake yi a tsallaken layi. Wallahi abin ya dame ni. Ya rage cin abinci, ya daina ce mini ɓarawo. Liman ya zo da hadisi, Tsoho ya ce ya sani. Babana ya yi wa bango doguwar nasiha, ƙofa ba ta amsa ba. Ba hukuncin ne bai sani ba. Idon sanatoci ne ba zai iya ba.

Inna ce ta ce, "Maganin biri karen Maguzawa. Je ka kasuwa."

Na tarar da Baba mai banda a rumfarsa tsakanin kwalayen tarwaɗa, yana tsaye da ƙafa biyu. Ya je an gwada shi, yana shan ƙwayarsa, ya rabu da hanta da tumbi yana kuka, kuma tun daga nan bai sake shiga majalisa ba. Na faɗa masa halin da ake ciki. Ya daɗe yana juya wani kifi a hannu. Sannan ya ce, "Wurin nasa wa ke tsayawa yanzu?" Na ce duk wanda ya riga zuwa. Ya ce, "Tafi gida, jikan bawana. Ka tabbata tagarsa a buɗe take da magariba."

Ban taɓa jin mummunan Amin irin na ranar ba. Baba mai banda yana da murya kamar ana jan buhu a kan siminti, kuma ya matsa kusa da makirfo da gangan. Ya ja shi, ya lanƙwasa, ya ƙara ja. Unguwa gaba ɗaya ta ji. Da aka idar ya tsaya a ƙofar zaurenmu ya ɗaga murya: "Ku gai da bawana! Ku ce masa ashe wurin nan akwai iskar fanka mai daɗi, shi ya sa ya riƙe. Na gode da ajiya!"

Da isha aka maimaita. Da asuba ma haka. Rana ta biyu Tsoho ya ce a rufe taga, Inna ta ce yatsunta ba za su iya ba. Rana ta uku na ji shi yana magana shi kaɗai: "Ko jan Amin bai iya ba. Kamar kwaɗon fadama."

Rana ta huɗu, ana kiran magariba, ya fito da babbar riga da sanda. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Kai, ɓarawo. Ɗauko abin nan."

"Wane abu, Tsoho?"

"Ka san shi."

Na ɗauko farar kujerar roba na bi shi. Tako talatin ɗin nan ya yi su kai a sama, kamar mai zuwa karɓar bashin gaisuwa. Da muka shiga, majalisa ta cika, kuma duk suka juyo. Wani tsohon tela, wanda ya fi kowa shan tambayar kwalta, ya yi gyaran murya, ya matsar da kujerarsa, ya ce, "Barka da zuwa, Alhaji. An daɗe ana jiran ka a zauren nan."

Tsoho ya ce, "Na ji an ce majalisar ba ta da shugaba ne." Amma muryar ba tasa ba ce, kuma hannunsa ya tafi hula.

Na nufi gefen sahu da kujerar. Sai na ji an riƙe ta. Baba mai banda ne, ya fito daga bayan liman. Ya karɓe ta daga hannuna, ya dubi liman, liman ya ɗaga masa kai. Ya kai ta ya dasa a daidai wurin Tsoho na bayan liman, ya sunkuya ya daidaita ta da sahu, ya kakkaɓe ta da gefen rigarsa. Ya ce, "Zauna, bawana. Wurin ya ishe ni, fankar tana sa ni mura." Ya tsaya a damarsa, kafaɗa da kafaɗa.

Aka tayar da salla. Ina sahu na uku, kuma Allah ya yafe mini, hankalina ba ya kan karatu. Liman ya kai ƙarshen Fatiha. Baba mai banda, mai muryar buhu, ya yi nasa Amin ɗin a ciki, ko kusa da shi ba a ji ba. Sai wancan Amin ɗin ya tashi, mai kauri, ya ɗan yi rawa a farko sannan ya miƙe ya fita ta lasifika. Inna ta gaya mini daga baya cewa tana kan sallaya ta ji shi, ta rasa a wace raka'a take, sai da ta sake daga farko.

Da aka sallame mutane suka yi ta zuwa suna miƙa hannu. Babana ya gai da ginshiƙin da ke kusa da mahaifinsa, ya fita da sauri yana goge fuska. Baba mai banda ya jira aka watse, ya dafa gwiwar Tsoho, ya ce, "To, ya ƙafar? Da zafi?"

Tsoho ya ce, "Babu komai."

Na kalli hular. Tana nan daram yadda ya kafa ta.